Ƙanwata ta amsa laifin sakaci da ɗanta, an ɗaure ta shekara shida: ɗaukaka ƙara zai rage mata?

Tambaya: "Barista, barka da ƙoƙari. Ƙanwata ce kotu ta ɗaure shekara shida kan laifin sakaci da ɗanta mai shekara huɗu. Ba ita ta doke shi ba. Mijin da ta aura bayan rabuwarta da uban yaron shi ne yake dukansa har ya karya masa hannu, ita kuma ba ta kai shi asibiti ba sai bayan kwanaki. Shi an ba shi shekara bakwai. Lauyanta ya ce ta amsa laifi za a sassauta mata, ta amsa, ga kuma abin da ya fito. Ita ma mutumin nan jibgarta yake yi, amma ba a faɗi haka a kotu ba. Yanzu yaron da ƙanwarsa suna hannuna. Yau mako biyu da hukuncin. Za mu iya ɗaukaka ƙara, ko kuwa za mu ƙara jefa ta cikin wani hali ne?"

'Yar'uwa, sannu da wannan nauyi da ya hau kanki, Allah Ya ba yaron lafiya. Idan na fahimce ki, abu uku kike son sani: ko ƙofar ɗaukaka ƙara a buɗe take ga wadda ta amsa laifi da bakinta, ko akwai abin da za a kama a cikin wannan hukunci, da kuma ko yunƙurin zai iya juyowa ya ƙara mata shekaru. Amsar ta farko ita ce e, galibi a buɗe take. Sauran biyun suna buƙatar zama. Amma kafin mu zauna, akwai abin da ba ya jira.

Wa'adi

Kin ce mako biyu ke nan. Wannan jimlar ita ta fi tsaya mini a rai a duk wasiƙarki. Kowace ƙasa tana da wa'adin da ta ɗiba na shigar da sanarwar ɗaukaka ƙara, kuma bambancin yana da yawa. A Faransa kwana 10 ne. A kotunan tarayya na Amurka kwana 14. A Ingila kwana 28 ne zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara. A Nijeriya, daga Babbar Kotu zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara a shari'ar laifi, kwana 90. Ko a cikin ƙasa ɗaya wa'adin yakan canza gwargwadon matsayin kotun da ta yi hukuncin. Ba ki faɗa mini inda aka yi shari'ar ba, don haka gobe da safe, kafin komai, a tambayi lauya ko magatakardan kotun: kwana nawa ne, kuma daga wace rana ake lissafi? Tambaya ta biyun tana da muhimmanci, domin a Ingila, alal misali, wa'adin ƙalubalantar kama mutum da laifi yana farawa ne daga ranar da aka kama shi da laifin, ko da sai bayan makonni aka yanke masa shekaru.

Sanarwar gajeriyar takarda ce. A wurare da dama ana shigar da ita da dalilai na farko-farko, daga baya a nemi izinin gyara su bayan an samu kundin shari'ar. In ma wa'adin ya wuce, ana neman ƙarin lokaci, sai dai dole a yi wa kotu bayanin abin da ya jawo jinkirin, kuma kowace rana da ta ƙaru tana ƙara wahalar bayanin. "Muna ta shawara a cikin dangi" ba uzuri ne da alƙalai suke karɓa da daɗin rai ba.

Me ake ɗaukakawa?

Mutane sukan ce "za mu ɗaukaka ƙara" kamar abu guda ne, alhali hanya biyu ce. Akwai ƙalubalantar kama mutum da laifi, wato a ce tun asali bai kamata a same shi da laifin ba. Akwai kuma ƙalubalantar hukuncin, wato a yarda an yi laifi amma a ce horon ya wuce kima ko an bi bauɗaɗɗiyar hanya wajen yanke shi. Sashe na 14(5) na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan 'yancin ɗan ƙasa da na siyasa ta 1966 ya ambaci duka biyun: duk wanda aka kama da laifi yana da haƙƙin kotu ta sama ta duba kamun da kuma hukuncin.

Tun da ƙanwarki ta amsa laifi, hanya ta farko ta ƙuntata sosai. Kotu ba ta warware amsa laifi sai an nuna cewa mutum bai fahimci abin da ya amsa ba, ko an tilasta masa, ko abin da ya amsa aikatawa bai kai laifi ba a doka, ko shawarar da aka ba shi ta ɓaci matuƙa. "Lauya ya ce za a sassauta" shi kaɗai ba ya isa, domin hasashen lauya ba alkawarin kotu ba ne. Kuma in faɗa miki gaskiya, daga abin da kika rubuta, ita kanta ba ta musun cewa yaron ya kwana da karyayyen hannu ba a kai shi asibiti ba. Dokoki da yawa sun ɗauki wannan a matsayin laifi mai zaman kansa. Ingila ta yi doka a 2004 kan wanda ya bar aka kashe yaro a gidansu alhali ya san da haɗarin, ta faɗaɗa ta a 2012 ta haɗa da mummunan rauni, don kada manya biyu su riƙa nuna wa juna yatsa kowa ya kuɓuta. Saboda haka "ba ita ta doke shi ba" ba zai wanke ta ba. Inda yake da amfani shi ne wajen auna horo.

Abu ɗaya a bincika: idan amsa laifin ya zo ne ta hanyar yarjejeniya da masu gabatar da ƙara, a karanta takardar da ta sa wa hannu. A Amurka irin wannan yarjejeniya sau da yawa tana ɗauke da sharaɗin cewa mutum ya yafe haƙƙinsa na ɗaukaka ƙara.

Kotun sama kuskure take nema

Nan ne iyalai suka fi shan mamaki. Suna zuwa da zaton za a sake shari'a daga farko, a kira shaidu, uwa ta yi kuka, a ji tausayinta. A tsarin da ya samo asali daga dokar Ingila, alƙalan ɗaukaka ƙara takardu suke karantawa, kuma ba sa taɓa hukunci don kawai da su ne da sun ba da ƙasa da haka. Babbar Kotun Ostireliya ta tsara ƙa'idar a shari'ar House ta 1936, kuma har yau ana jingina da ita: sai an nuna cewa alƙali ya bi gurɓatacciyar ƙa'ida, ko ya sa abin da bai shafi shari'ar ba a cikin ma'auni, ko ya yi kuskuren fahimtar abin da ya faru, ko ya tsallake wani abu mai nauyi, ko kuma hukuncin ya fito a fili cewa ba shi da adalci. Kotun Ƙolin Amurka ta bi kusan wannan layi a shari'ar Gall ta 2007. A ƙasashen da ke bin tsarin Faransa kuwa, kotun ɗaukaka ƙara takan sake duba shari'ar da faɗi, amma ko a can, wanda ya zo da kuskure takamaimai ya fi wanda ya zo da koke.

Don haka aikin lauya yana farawa ne da kundin shari'a, musamman jawabin da alƙali ya yi ranar yanke hukunci. Ni idan irin wannan ta zo teburina, shafukan nan nake fara buɗewa, da fensir a hannu, ina ja wa kowace jimla layi ina tambaya: daga ina alƙali ya samo wannan? Sau da yawa shafi biyu ko uku ne kacal, amma duk shari'ar tana ciki. Akwai wadda na taɓa riƙewa, alƙali ya rubuta cewa uwar "ta daɗe tana ganin ana azabtar da yaron". Na koma rahoton likita, sai ga shi likitan ya ce duk raunukan sabbi ne, na lokaci guda, babu tsohuwar karaya da ta fara haɗewa a hoton ƙashi. Takardar bayanin da matar ta amsa laifi a kanta ma ba ta ambaci daɗewa ba. Wannan jimla guda ita ta ɗaga hukuncin zuwa wani mataki na daban, kuma ita muka riƙe. Ba mu ce alƙali ya yi tsanani ba, mun ce ya hukunta ta kan abin da ba a tabbatar ba.

A shari'ar ƙanwarki, ga wuraren da zan fara leƙawa.

Tazarar da ke tsakaninta da mijin ita ce ta fi ɗaukar ido: shekara shida ga wadda ta yi sakaci kuma ta amsa laifi, bakwai ga wanda ya karya hannun. Ƙa'ida ce da aka sani cewa horo ya dace da rawar da kowa ya taka. Sai dai kada ki yi saurin murna. Dole a san ko shi ma ya amsa laifi, ko tuhumarsu iri ɗaya ce, ko ita tana da tuhuma fiye da ɗaya, ko tana da wani tsohon laifi. Kuma kotuna sukan ce, in an yi wa ɗaya sassauci fiye da kima, wannan ba ya wajabta a maimaita kuskuren ga ɗayan. Hujjar tana ƙarfi ne idan aka nuna cewa alƙali bai bambance matsayinsu ba sam.

Sai rangwamen amsa laifi. A Ingila wanda ya amsa tun zaman farko yana samun ragin da ya kai kashi ɗaya cikin uku, kuma alƙali yakan faɗi adadin da zai bayar da an yi cikakkiyar shari'a, sannan ya cire. Wasu ƙasashen ba su ƙayyade adadi ba, amma sun yarda cewa amsa laifi abin la'akari ne, musamman a shari'ar yara, inda yake hutar da ƙaramin yaro daga ba da shaida kan mahaifiyarsa. Idan jawabin alƙali bai ambaci amsa laifin ba ko da kalma ɗaya, wannan abin kamawa ne.

Akwai kuma kurakuran lissafi, waɗanda ba su da armashi a baki amma sukan fi komai saurin cin nasara. An cire mata kwanakin da ta yi a tsare tana jiran shari'a? Idan tuhuma biyu ce daga abu guda, an ce hukuncin ya gudana tare ko ɗaya bayan ɗaya? Shekarun sun wuce iyakar da doka ta sa? An yi amfani da dokar da ke aiki ranar da aka yi laifin? Wannan na ƙarshe yana faruwa fiye da yadda ake zato, domin ƙasashe suna ta tsaurara horon cin zarafin yara. Ingila ta ɗaga iyakar horon muzguna wa yaro daga shekara 10 zuwa 14 a 2022, kuma sabon adadin bai hau kan laifin da aka yi kafin dokar ta fara aiki ba. Sashe na 15 na waccan yarjejeniya ta 1966 ya hana a ɗora wa mutum horon da ya fi wanda ke aiki lokacin da ya yi laifin. Haka kuma a duba ko an lissafa abu ɗaya sau biyu: laifin da kansa na cutar da yaro ne, to ƙuruciyar wanda aka cuta ta riga ta shiga cikin horon, bai kamata a sake ƙara shekaru don kawai "ai yaro ne" ba, sai in akwai wani rauni na musamman da ya wuce haka.

Dukan da take sha

Wannan shi ne zuciyar maganar, kuma shi ne mafi wuya. Mace da ke zaune cikin tsoron miji, wadda ta san in ta fita da yaron asibiti za a tambaye ta wa ya yi, kuma ta san abin da ke jiranta in ta dawo gida, laifinta bai kai na wadda ta bar yaro don ba ta damu ba. Kotuna da yawa sun yarda da haka, suna ɗaukar tsoro da tursasawa a matsayin abin da ke rage nauyin laifi, ko da bai kai ya wanke mutum ba. Matsalar ita ce ba a faɗa wa alƙalin farko ba, kuma ba a zargin alƙali da tsallake abin da ba a kawo gabansa ba.

To dole a nemi izinin gabatar da sabuwar hujja, kuma kotu za ta yi tambaya biyu: me ya sa ba a kawo ta tun farko ba, kuma abin gaskatawa ce? A nan za a so sanin ko ta faɗa wa lauyanta ya ƙi amfani da shi, ko ita ce ta ɓoye. In ta ɓoye ne saboda a lokacin suna gaban kotu tare, yana tsaye kusa da ita, wannan bayani ne da ake fahimta. In kuma lauya ɗaya ne ya tsaya musu su biyu, to a gaya wa sabon lauya nan take, domin wanda ke kare miji ba zai iya tashi ya ce mijin yana dukan matar ba. Wannan cin karo ne da kotuna suke ɗauka da muhimmanci.

Game da gaskatawa, maganarta kaɗai bayan an ɗaure ta ba za ta yi nauyi ba, don kowa zai ce yanzu ne ta tuna. Abin da ke aiki shi ne abin da ya wanzu kafin shari'ar: katin asibiti na ranar da ta je da kumburarren ido ta ce faɗuwa ta yi, saƙonnin waya da ta turo miki da dare, rahoton da aka taɓa kaiwa wurin 'yan sanda, maƙwabciyar da ta taɓa raba su. Ki duba wayarki yau, kada ki goge komai, kada kuma ki gyara komai. Idan akwai alamar taɓuwar hankali ko baƙin cikin da ke biyo bayan haihuwa, rahoton ƙwararren likita ya fi shaidar dangi goma.

Zargin tsohon lauya da gazawa hanya ce, amma mai tsauri. Ma'aunin da Amurka ta kafa a shari'ar Strickland ta 1984 yana neman abu biyu: aikin lauyan ya gaza abin da ake tsammani daga lauya mai hankali, sannan akwai kyakkyawan zaton cewa ba don gazawar ba da sakamakon ya bambanta. Kuma da zarar an zarge shi, sirrin da ke tsakaninsu yakan buɗe, ya fito da takardunsa ya kare kansa. In akwai abin da ta faɗa masa wanda ba ta so a ji, a san da wannan tun yanzu. Duk da haka ina ba da shawarar a sa wani lauya daban ya karanta kundin, domin mutum ba ya ganin ƙeyarsa.

Sabuwar hujjar likita takan rushe shari'a ɗungurungum, kamar yadda ya faru da Sally Clark a Ingila, wadda aka ɗaure a 1999 kan mutuwar jariranta biyu, aka sake ta a 2003 bayan an gano sakamakon gwajin da ke nuna ƙwayar cuta a jikin ɗayan, wanda ba a bayyana wa masu kare ta ba. Na kawo ta ne don ki ga irin nauyin hujjar da ake nufi. A taku shari'ar ba a jayayya kan abin da ya karya hannun, don haka rahoton likita zai yi amfani ne wajen tantance tsawon jinkirin da kuma ko jinkirin ya ƙara wa yaron illa.

"Ai 'ya'yanta suna buƙatarta"

Wannan ita ce hujjar da kowane dangi yake zuwa da ita, kuma a irin wannan shari'a wuƙa ce mai kaifi biyu. Gaskiya ne doka ta san da ita. Kotun Tsarin Mulkin Afirka ta Kudu, a shari'ar S da M ta 2007, ta ce dole alƙali ya duba halin da yara za su shiga kafin ya ɗaure mai renonsu, kuma Ƙa'idojin Bankok da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2010 sun fifita horon da ba na gidan yari ba ga mata masu ƙananan yara idan laifin bai yi muni ba. Amma matar waccan shari'a zamba ta yi, ba 'ya'yanta ta cuta ba. Idan yaron shi ne wanda aka zalunta, mai gabatar da ƙara zai miƙe ya ce maslahar yaron ita ce ta kawo mu nan, kuma Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta 1989 ta ɗora wa hukuma kare shi daga sakacin iyayensa ma. Ƙari a kan haka, yaran suna hannunki cikin aminci, wanda hakan alheri ne gare su amma yana rage ƙarfin hujjar. Ni ba na sa ta a gaba. Nakan ajiye ta a ƙarshe, kuma sai in akwai rahoton jami'an kula da walwalar yara da ke goyon bayan ci gaba da hulɗa tsakanin uwa da 'ya'yan.

Za a iya ƙara mata?

Ya danganta da wurin. A Faransa da Jamus, idan wanda aka ɗaure shi kaɗai ya ɗaukaka ƙara, ba a tsananta masa, sai dai masu gabatar da ƙara suna iya shigar da tasu, daga nan kariyar ta faɗi. A Ingila Kotun Ɗaukaka Ƙara ba ta ƙara wa mai ƙara horo, amma idan ta ga ƙarar ba ta da tushe tana iya cewa wasu kwanakin da ya yi yana jira ba za su shiga lissafi ba, kuma Babban Lauyan Gwamnati yana da ikon kai hukuncin da ya yi sauƙi fiye da kima a ƙara shi, a ƙarƙashin wata doka ta 1988. A wasu wuraren kotun sama tana da ikon ragewa ko ƙarawa. Ki sa lauya ya amsa miki wannan a rubuce kafin a ci gaba, kuma ita ƙanwar taki ce za ta yanke shawara, don ita za ta yi zaman.

Ban ga kundin ba, ban ji jawabin alƙali ba, don haka ba zan ce miki za ku ci ba. Yawancin ƙararrakin neman ragin hukunci ba sa nasara, waɗanda suka yi kuma galibi ragi ake samu ba saki ba. Beli kafin a saurari ƙara yana da wuya ga wanda aka riga aka kama da laifi, balle a hukunci mai tsawo irin wannan.

Abu na ƙarshe ya shafe ki ke da kanki. Kada ki zaunar da yaron kina tambayarsa abin da ya faru, kada a ɗauki muryarsa ko bidiyonsa yana cewa yana son mamansa, kada kowa ya sa shi ya canza magana. Hakan yana cutar da shi, kotu tana ganewa, kuma yana iya sa a ɗauke yaran daga hannunki ko a tuhume ki da katsalandan ga shaida. In akwai umarnin da ya hana ƙanwarki hulɗa da su, a kiyaye shi ko da ta waya ce daga gidan yari. Batun wanda zai riƙe yaran shari'a ce daban a gaban wata kotu ko hukuma, kuma ragin shekaru ba ya mayar mata da su kai tsaye. Can za a tambaya ko ta rabu da mutumin nan da gaske, ko ta halarci zaman ba da shawara ko koyon tarbiyyar yara in ana yi a inda take, da kuma ko ta daina cewa ba ta yi komai ba. Ranar da za ki je ziyara, ki tafi da waɗannan tambayoyi, ki kuma karɓo izininta a rubuce na karɓar fayil ɗinta daga hannun tsohon lauya.